Silsila da Ma'auni: Sharhi a kan Nazarin Ginuwar Ƙodar Ɗan Adam ta Hanyar Ƙwayoyin Halittar da Ake Raino a Ɗakin Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta yi sharhi a kan wata da'awa da ta yaɗu tun daga shekarar 2015, cewa masana kimiyya sun samu hanyar nazarin yadda ƙodar ɗan Adam ke ginuwa a cikin mahaifa ba tare da taɓa jikin ɗan tayi ba, tun da suna iya rainon kwatankwacin ƙoda daga ƙwayoyin halittar fata ko na jini. Maƙalar ta bi diddigin ayyukan da da'awar ta dogara a kansu, sannan ta auna su da ƙudurorin majalisun fiƙihu na shekarun 1990 da 2003. Abin da ta gano shi ne, buƙatar ɗan tayi ta ragu a matsayinsa na tushen ƙwayoyin da ake raino, amma har yanzu da ƙodarsa ake auna ingancin abin da aka raina. Saboda haka, fatawar da ta tsaya ga tambayar asalin ƙwayoyi kaɗai ta amsa rabin mas'alar ne.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci ɗan Adam daki-daki a cikin mahaifa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa. Wahalar aiki da wannan ƙa'ida a mas'alolin likitanci na zamani ita ce, surar abin takan sauya kafin majalisar fatawa ta sake zama.

Idan aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikin mutum aka ajiye su a cikin ruwan abinci mai ɗumi daidai da na jiki, akasarinsu sukan rarrabu na wani lokaci sannan su tsaya. Wasu kuwa ba sa tsayawa, ko dai don asalinsu ko don an sauya musu wani abu. Akan riƙa juye su daga kwalba zuwa kwalba, ana aika su daga ƙasa zuwa ƙasa, shekara da shekaru. Wannan maƙala za ta kira irin waɗannan da sunan silsila, domin kamar silsilar ruwaya, kowace ɗaya tana komawa ne ga mutum guda da aka fara ɗauko ta daga gare shi.

Ana cin karo da matsaya biyu a wannan batu. Ta farko tana haramta fagen gaba ɗaya da zarar ta ji an ambaci ɗan tayi a sunan wata silsila. Ta biyu tana halatta shi gaba ɗaya, bisa hujjar cewa yanzu daga fatar baligi ake samun komai. Maƙalar za ta nuna cewa kowace daga cikinsu ta ɗora hukunci a kan suna, ta bar abin da ake yi a zahiri.

2.0 Abin da Ake Neman Sani

Ƙodar ɗan Adam tana ginuwa ne a matakai uku. Ta farko takan bayyana a mako na 4 bayan ɗaukar ciki, ta shuɗe ba tare da ta yi aiki ba. Ta biyu takan yi aiki na ɗan lokaci, ita ma ta janye. Ta uku, wadda mutum zai rayu da ita, takan fara a mako na 5, lokacin da wani ɗan toho ya fito daga bututun matakin da ya gabata ya kutsa cikin wani tarin ƙwayoyi da ke kusa da shi. Tohon yana reshe bisa reshe, ya zama hanyoyin tattara fitsari, tarin ƙwayoyin kuma yana haifar da ƙananan matatun jini da ake kira nefuron. Kowane ɓangare yana aika wa ɗan'uwansa saƙon sinadarai, kuma idan saƙon ya yanke ginin ya tsaya.

Ƙirar nefuron tana ƙarewa a wajajen mako na 36 na ciki, kuma ba a ƙara samun sabo ko ɗaya har mutum ya mutu. Matsakaicin adadinsu ya kai kimanin miliyan 1 a kowace ƙoda, sai dai akwai mai kusan 200,000 kawai, akwai mai fiye da miliyan 2. Tun a 1988 likitan ƙoda Barry Brenner da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa wanda aka haifa da ƙarancin nefuron ya fi kusa da hawan jini da ciwon ƙoda idan ya girma, kuma bakwaini da jariri mai ƙarancin nauyi suna cikin wannan rukuni. Bugu da ƙari, nakasar ƙoda da hanyoyin fitsari da ake haihuwar yaro da ita ce kan gaba a cikin sabubban gazawar ƙoda ga ƙananan yara. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta shekarar 2017 ta nuna kusan mutum miliyan 700 ne ke ɗauke da ciwon ƙoda mai daɗewa.

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan gini daga ɓera aka koyo shi. Amma ƙodar ɓera dunƙule guda ce mai nefuron dubu goma sha wani abu, kuma tana ci gaba da ƙira 'yan kwanaki bayan haihuwa, alhali ta mutum tana da sassa da yawa kuma tana gamawa kafin haihuwa. Akwai ma ƙwayoyin gado da ɓera ba shi da su sam. Misali shi ne APOL1, wadda aka gano a 2010 cewa wasu nau'o'inta biyu suna kare mutum daga wani irin ciwon barci amma suna ƙara masa haɗarin ciwon ƙoda. Waɗannan nau'o'i sun fi yawa a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka yi a kan mutum fiye da 8,000 a Gana da Nijeriya, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta fitar a ƙarshen 2024, ya samu kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun gaji nau'in haɗarin daga uwa da uba. Wanda ke son fahimtar wannan dole ya yi aiki da ƙwayoyin mutum. Maslahar da ke cikin fagen ke nan, kuma tana komawa ga kiyaye rai, ɗaya daga cikin larurori biyar. Duk mai haramtawa ya kamata ya san nauyin abin da yake rufewa.

3.0 Suna Linzami: Silsilar HEK 293

Silsilar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce HEK 293, wadda haruffan sunanta ke nufin ƙodar ɗan tayin mutum. An samar da ita a 1973 a ɗakin binciken Alex van der Eb a Jami'ar Laidin ta ƙasar Holan, inda Frank Graham ya cusa wani yanki na sinadarin gadon wata ƙwayar cuta mai suna adenobairos a cikin ƙwayoyin da aka ɗauko daga ƙodar wani ɗan tayi. An wallafa aikin a 1977. A shekarar 2001, van der Eb ya shaida wa wani kwamitin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka cewa ɗan tayin lafiyayye ne a iya saninsa, bai san dalilin zubar da cikin ba, kuma bayanan sun ɓace. Sunan silsilar ya shiga kunnen jama'a a lokacin annobar korona, saboda a cikinta aka riƙa rainon allurar rigakafin AstraZeneca.

Abin da masu haramtawa suka tsallake shi ne, wannan silsila ba ta da wani amfani na kirki wajen nazarin ginuwar ƙoda. A 2002 Gerry Shaw da abokan aikinsa suka nuna cewa tana ɗauke da siffofin ƙwayoyin jijiya. A 2014 wani nazarin sinadarin gadonta da aka wallafa a Nature Communications ya nuna ta fi kama da ƙwayoyin ƙullin nan da ke zaune bisa kan ƙoda, wanda ake kira adirenal. Adadin ƙunshin gadonta ma ya hargitse, ya saɓa wa na lafiyayyen mutum. Aikinta a ɗakunan bincike shi ne na ma'aikata: ana sa ta ƙera sinadarai da ƙwayoyin cutar da aka horar don isar da saƙon gado. Wanda ya haramta nazarin ginuwar ƙoda saboda HEK 293, sunan ne ya ja shi kamar linzami zuwa wurin da mas'alar ba ta nan.

Masu halattawa kuma sukan kare amfani da irin wannan silsila da hujjar istihala, wato rikiɗewar abu daga haƙiƙarsa zuwa wata, kamar giyar da ta koma khal da kanta. Wannan ƙiyasi yana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, babin istihala yana magana ne a kan najasa da tsarki, da halaccin ci da sha, alhali abin da ake tambaya a nan shi ne alfarmar ɗan Adam da izinin masu haƙƙi. Ba wanda ya ce an hana taɓa jikin ɗan tayi don najasa ne. Ta biyu, rikiɗewar ba ta cika ba, domin silsila tana riƙe da sinadarin gadon mai ita. Shaidar haka ita ce silsilar HeLa, wadda aka ɗauko daga jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951 ba tare da saninta ba. Da aka wallafa cikakken bayanin gadon silsilar a 2013, iyalanta suka yi ƙorafin an tona asirin gadonsu, har Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da su a kan wanda zai riƙa ganin bayanan. Abin da ke iya tona asirin jikoki bayan shekara 62 bai rabu da mai shi ba.

4.0 Kwatankwacin Ƙoda: Abin da Aka Cim ma da Abin da Ya Rage

Ainihin nazarin ginuwar ƙoda yana gudana ne da ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin da ke iya zama kowace gaɓa. James Thomson ya fara rainon irinsu a 1998 a Jami'ar Wisconsin, daga rarar ƙwan da aka haɗa da maniyyi a wajen mahaifa. Sai Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna, a ɓera a 2006 sannan a mutum a 2007, cewa da ƙwayoyin gado huɗu ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe. Waɗannan su ne ake yi wa laƙabi da iPS, kuma a kansu ya samu kyautar Nobel a 2012. A 2011 masu bincike a birnin Guangzhou na ƙasar Sin suka samar da su daga ƙwayoyin da ke fita a cikin fitsari.

A 2014 Atsuhiro Taguchi da Ryuichi Nishinakamura na Jami'ar Kumamoto suka samar da sassan nefuron daga ƙwayoyin tushe. A 2015 aka samu ayyuka da dama a jere, mafi shahara shi ne na Minoru Takasato da Melissa Little na Ostareliya a mujallar Nature, sai na Ryuji Morizane da Joseph Bonventre a Boston. Hanyar ita ce a riƙa ba ƙwayoyin sinadarai a jere, a kan lokaci, daidai da saƙonnin da suke samu a cikin mahaifa. Cikin mako uku zuwa huɗu sai su dunƙule su zama wani ɗan abu mai faɗin 'yan milimita, mai ɗauke da nefuron masu yawa. Shi ake kira oganoyid, wato kwatankwacin gaɓa. A shekarar dai Benjamin Freedman ya yi amfani da shi wajen kwaikwayon ciwon ƙoda mai ƙulle-ƙullen ruwa da ake gado. Adalci ne a faɗi cewa wannan babbar nasara ce: a karon farko mutum ya kalli nefuron ɗan Adam yana ƙiruwa a gabansa.

Sai dai kiran abin da sunan ƙaramar ƙoda, kamar yadda jaridu suka yi, ya zarce haƙiƙa. Jini ba ya gudana a cikinsa, ba shi da bututun fitar da fitsari, kuma ya tsaya a matakin ƙodar farkon ciki. A 2018 ƙungiyar Benjamin Humphreys ta Jami'ar Washington da ke St. Louis ta bincika ƙwayoyi fiye da 83,000 daga oganoyid 65, ta samu kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba na ƙoda ba ne, akasarinsu na jijiya ne da na tsoka. Ayyukan da suka biyo baya, har da na ɗakin binciken Little kanta, sun nuna cewa abin da aka ɗauka hanyar tattara fitsari ne a 2015 ya fi kusa da ƙarshen bututun nefuron. Ƙoƙarin cike wannan giɓi ne ya kai ga dasa oganoyid a jikin ɓera don ya samu jini, har a 2023 masu bincike a Guangzhou suka raini ƙodar mataki na biyu, wadda fiye da rabin ƙwayoyinta na mutum ne, a cikin ɗan tayin alade har kwana 28. Wannan ta ƙarshe mas'ala ce mai zaman kanta, tana buƙatar nata binciken.

Akwai kuma wani abin da masu halattawa ba su lura da shi ba. Laƙabin iPS yana bayyana yadda aka sarrafa ƙwaya ne, ba ya faɗin daga jikin wa aka ɗauko ta. Akwai silsilar iPS daga jinin baligi, akwai daga fatar da ake yankewa wajen kaciyar jariri, akwai kuma daga ɗan tayi. Silsilar da aka yi aikin Nature na 2015 da ita, mai lamba CRL1502, asalinta ƙwayoyin fatar ɗan tayi ne da aka daɗe da ajiyewa a wani rumbun ƙwayoyi na Amurka. Morizane kuwa, har da silsilar H9 ya yi aiki, ɗaya daga cikin na Thomson. Ashe aikin da aka fi kafa hujja da shi a kan rabuwa da ɗan tayi, isnadinsa ga ɗan tayi yake komawa.

5.0 Ma'auni

Ana iya gyara matsalar da ta gabata cikin sauƙi, ta hanyar zaɓen silsilar da ta fito daga baligi mai izini. Wadda ta fi wuyar gyara ita ce wannan: ta yaya mai bincike zai san cewa abin da ya raina ya yi kama da ƙodar ɗan tayi? Dole ya kwatanta shi da ƙodar ɗan tayi ta gaskiya. Haka Takasato ya yi a 2015, ya gwada oganoyid ɗinsa da bayanan gaɓoɓin 'yan tayi da aka tattara a Laidin, kuma daga nan ne ya samu damar cewa ya fi kama da ƙodar watanni ukun farko. Haka Humphreys ya yi a 2018. A shekarar ne kuma ƙungiyar Andrew McMahon ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta wallafa jerin nazarce-nazarce a kan ƙodar 'yan tayin mutum, waɗanda suka zama madogara ga masu rainon oganoyid, kuma samfuransu sun fito ne daga cikin da aka zubar bisa zaɓin masu shi. A Ingila akwai rumbu na musamman a Newcastle da Landan da ke tattara irin waɗannan samfura da izinin matan, yana rarraba wa masu bincike.

Masanan ba su ɓoye wannan ba. Lokacin da gwamnatin Amurka ta taƙaita bincike da jikin 'yan tayi a watan Yuni na 2019, matakin da aka janye a Afrilun 2021, ɗaya daga cikin manyan hujjojin ƙungiyoyin masana shi ne cewa oganoyid ba zai maye gurbin ɗan tayi ba, tun da da shi ake tantance oganoyid ɗin. Duk lokacin da aka inganta hanyar raino aka kai wani sabon mataki na girma, sai a buƙaci ma'auni na wannan mataki. Tsugune ba ta ƙare ba: silsila sau ɗaya ake ɗaukarta ta wadatar har abada, ma'auni kuwa buƙatarsa tana sabuntuwa. Idan akwai wurin da ya cancanci tsoron malamin fiƙihu a wannan fage, nan ne.

6.0 Ƙudurorin Majalisun Fiƙihu da Inda Suka Tsaya

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 6 a Jidda a watan Sha'aban 1410, daidai da Maris 1990, ta fitar da ƙuduri mai lamba 56 a kan amfani da gaɓoɓin ɗan tayi. Ta hana zubar da ciki don wannan manufa, ta taƙaita halaccin ga ɓari da cikin da aka zubar bisa uzuri na shari'a, ta wajabta ceton ɗan tayin da zai iya rayuwa, ta hana ciniki a cikin lamarin, ta kuma shar'anta sa idon hukuma amintacciya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka a watan Shawwal 1424, daidai da Disamba 2003, ta halatta samun ƙwayoyin tushe don magani ko bincike daga baligi da izininsa, da yaro da izinin waliyyinsa don maslaha, da mabiyiya da cibiya, da ɓari ko cikin da aka zubar don dalilin magani da shari'a ta yarda da shi, da rarar ƙwan da ma'aurata suka bayar. Ta haramta samu da amfani idan tushen haramtacce ne, kamar cikin da aka zubar da gangan ba bisa uzuri ba.

Waɗannan ƙudurori suna da ƙarfi, kuma sun dace da tsananin mazhabar Malikiyya, inda abin dogaro shi ne hana fitar da abin da ya tabbata a mahaifa ko da kafin kwana 40, kamar yadda Dardir ya tabbatar, ko da yake Lakhmi ya sassauta a wannan zango. Amma ƙudurin Makka ya riga aikin Yamanaka da shekara uku, ya riga oganoyid da fiye da shekara goma. Tambayarsa guda ce, daga ina ƙwayar ta fito. Bai yi magana a kan silsilar da ba a san dalilin zubar da cikinta ba. Bai yi magana a kan bayanan da aka ciro daga haramtaccen tushe aka shimfiɗa a intanet don kowa ya ɗauka ba. Bai kuma fuskanci wata gaskiya mai ɗaci ba, wato tushen da ya fi halatta shi ne mafi ƙarancin amfani a matsayin ma'auni. Kusan rabin ɓarin watanni ukun farko yana zuwa ne da tangarɗa a ƙunshin gado, kuma sau da yawa ɗan tayin ya mutu kwanaki kafin ya fito, sinadaran da ake son aunawa sun riga sun lalace. Ba a auna lafiyayyen gini da abin da ya rushe. Faɗin wannan ba aibata majalisun ba ne, domin sun yi hukunci a kan surar da ke gabansu. Laifin yana kan wanda ya ɗauko ƙudurin 2003 ya shimfiɗa shi a kan surar da aka haifa bayansa ba tare da sabon nazari ba.

7.0 Rarrabewar da Maƙalar ke Gabatarwa

Abin da ya bayyana ga mai wannan sharhi shi ne a raba mas'alar gida uku, kuma yana miƙa shi ne ga majalisun ilimi don su duba.

Na farko, silsila. Wajibi ne Musulmi mai bincike ya san isnadin kowace silsila kafin ya karɓe ta, kuma hakan mai yiwuwa ne, domin akwai kundaye a buɗe kamar Cellosaurus da ke bayyana asalin dubban silsiloli. Inda akwai wadda ta fito daga baligi mai izini kuma tana biyan buƙata, ba shi da uzurin zaɓen wata. Tsohuwar silsila mai duhun asali kamar HEK 293 kuwa, amfani da ita a matsayin kayan aiki yana halatta gwargwadon buƙata idan babu madadi, bisa dalilin cewa aikin ya auku ya wuce, mai amfani ba shi da hannu a ciki, kuma amfaninsa ba ya kiran a zubar da wani ciki. Wannan dalili ya fi istihala tsayuwa da ƙafafunsa.

Na biyu, sabon samfur daga cikin da aka zubar ba bisa uzuri ba. Nemansa, da biyan kuɗinsa, da shiga aikin da aka gina a kan tattara shi, duk suna ƙarƙashin hanin 1990 da 2003. Izinin uwa ba ya canza hukuncin, domin izini yana aiki ne a cikin abin da mutum ke da ikon bayarwa.

Na uku, bayanan da aka riga aka wallafa. A nan ne mai suka zai ce an ƙi cin biri an ci dila. Amsar ita ce, ilimi ba ya ɗaukar hukuncin hanyar da wani ya bi ya same shi. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 687 bayan Hijira, likita ne kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya, ya bayyana a gabatarwar sharhinsa a kan sashen fiɗa na littafin Ƙanun cewa shari'a da tausayi sun hana shi fiɗar gawa, don haka ya dogara da bayanan magabata, musamman Jalinus. Aikinsa ba dalili ba ne na shari'a, amma yana nuna yadda magabata suka raba tsakanin aikata abu da karanta sakamakonsa. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a rufe ido a kansa ba: Jalinus ya daɗe da mutuwa, rumbunan 'yan tayi kuwa suna nan suna karɓa, kuma yawan masu amfani da bayanansu yana cikin abin da ke sa a ci gaba da ba su kuɗi. Ƙarafi a cikin Furuƙ ya kasa hanyoyin da ke kaiwa ga ɓarna kashi uku: wanda aka haɗu a kan toshe shi, da wanda aka haɗu a kan barinsa kamar noman inabi, da wanda aka yi saɓani. Karanta bayanin da ke buɗe ga kowa hanya ce mai nisa, ta fi kusa da noman inabi. Roƙon abokin aiki ya samo sabon samfur don a kammala wani bincike hanya ce ta kusa, kuma ta cancanci toshewa.

Hani kaɗai ba ya sauke nauyi. Idan sanin ginuwar ƙoda buƙata ce ta al'umma, to samar da halattaccen ma'auni farilla ce ta kifaya a kan masu iko. Ƙofofin suna nan: cikin da ya zauna a wajen mahaifa wanda dole a cire shi, da cikin da aka zubar don ceton ran uwa, da izinin iyaye biyu, tare da binne abin da ya rage cikin mutunci. A watan Maris na 2024 kuma, Mattia Gerli da Paolo De Coppi a Landan sun wallafa a Nature Medicine cewa sun raini oganoyid na ƙoda da huhu da hanji daga ƙwayoyin da ke yawo a ruwan da ke kewaye da ɗan tayi, wanda aka ɗiba yayin gwaji ko magani, cikin yana ci gaba. Abin da suka samu na ƙoda bututu ne kawai, bai kai cikakken ma'auni ba, amma ya nuna inda ya kamata kuɗin binciken ƙasashen Musulmi ya nufa. Haka nan samar da silsilolin iPS daga jini ko fitsarin baligai na Afirka ta Yamma zai haɗa halacci da amfani, da sharaɗin takardar izini ta faɗa wa mai bayarwa, da harshen da yake ji, cewa ƙwayoyinsa za su rayu bayansa, za su iya barin ƙasarsa, kuma wani zai iya cin riba da su.

8.0 Kammalawa

Wannan sharhi ya nuna cewa HEK 293, wadda aka fi tsoro, ba ita ce ake nazarin ginuwar ƙoda da ita ba, kuma laƙabin iPS, wanda aka fi natsuwa da shi, ba ya tabbatar da tsarkin asali. Ya nuna kuma cewa ƙodar ɗan tayi ta ci gaba da zama ma'aunin da ake tantance oganoyid da shi, kuma ƙudurorin 1990 da 2003 ba su kai ga wannan sura ba. Don haka duk wanda aka kawo wa irin wannan bincike don fatawa, ko don amincewar kwamitin ɗa'a na jami'a, ya kamata ya yi tambayoyi biyu kafin ya amsa: daga jikin wa silsilar ta fito, kuma da me za a auna abin da aka raina? Ana kuma kira ga majalisun fiƙihu su sake zama a kan mas'alar tare da masanan da ke aikin da hannunsu. Allah ne Mafi sani.